Daga En'en Zazzau Zuwa Sakatariyar Hunƙuyi: Gwamnati Ta Matso Kusa, Hannunta Ya Gajarce

A cikin tsohon akwatin ƙarfen da mahaifina ya bari, Allah Ya jiƙansa da rahama, akwai wata 'yar takarda da ba ta kai faɗin tafin hannu ba, ta yi ja saboda tsufa, gefenta duk ya gutsuttsure. Takardar haraji ce ta En'en Zazzau, ta farkon shekarun 1960. A jikinta akwai sunansa da sunan ƙauyenmu da gundumar hakiminmu da abin da ya biya, sannan ga sa hannun malamin da ya karɓa. Duk lokacin da na ɗauko ta nakan daɗe ina juya ta, domin abin da take faɗa mini ya wuce batun sule da sisi. Shaida ce cewa a shekarun da Nijeriya ta karɓi mulkin kai, hukumar da ke zaune a Birnin Zariya, wadda abin hawanta bai wuce doki da keke da 'yan motoci ƙalilan ba, ta san da zaman wani talaka a wani lungu na arewacin Zazzau, ta san gidansa, ta san baligai nawa ne a cikinsa, ta kuma san watan da za ta aiko a tambaye shi.

Yau a wannan yanki muna da sakatariyar ƙaramar hukuma a Ikara, ga wata a Maƙarfi, ga ta Kudan a Hunƙuyi, ga kuma ta Kubau a Anchau. Kowace da shugabanta da mataimakinsa da kansiloli da daraktoci da masu ba da shawara na musamman, da na musamman ɗin musamman. To amma ina roƙon mai karatu ya yi wa kansa adalci ya amsa wannan tambaya: ƙananan hukumomi nawa ne a faɗin Arewa za su iya buɗe littafi su gaya maka yara nawa aka haifa a mazaɓa guda bara, ko rijiyoyin burtsatse nawa ne ke ba da ruwa a cikin waɗanda aka haƙa, ko kadada nawa aka shuka rake a fadama? Gwamnati ta matso har ƙofar gida, amma hannun da take aiki da shi ya gajarce, kuma ina ganin yadda haka ta faru a Ikara da Maƙarfi da Kudan ya ishi mai hankali ya fahimci ciwon da ya kama yawancin ƙasashen da suka sami 'yanci tare da mu.

Ciwon ba namu ba ne mu kaɗai. Daga 1957 da Gana ta buɗe ƙofa zuwa tsakiyar shekarun 1960, ƙasashen Afirka fiye da talatin sun karɓi tuta da taken ƙasa da majalisa, amma kaɗan ne suka karɓi ma'aikatan da za su riƙe ofisoshin da Turawa suka bari. Kwango ta sami 'yanci ranar 30 ga Yuni 1960 alhali 'yan ƙasar masu digirin jami'a ba su kai talatin ba, kuma ba a yi mako guda ba sojojinta suka yi bore. Gini kuwa, da ta ƙi amincewa da tayin Janar De Gaulle a ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta cikin fushi ta bar Sekou Toure da ofisoshi babu kowa. Irin waɗannan abubuwa ne suka sa wani malamin Jami'ar Harvard ta Amurka, Samuel Huntington, ya wallafa littafinsa na 1968 inda ya yi jayayya da masu ganin cewa da zarar an yi zaɓe an kafa jam'iyyu shi ke nan ci gaba ya samu. A nasa nazarin, idan jama'a suka farka suka shigo siyasa da buƙatunsu fiye da yadda cibiyoyin mulki za su iya ɗauka, abin da ke biyo baya shi ne rikici da juyin mulki. Zan koma kan wannan magana, domin ina da ja a kan wani ɓangare nata.

Arewacin Nijeriya ya shigo 'yanci da wani hali na daban. Ta fuskar masu ilimin boko muna cikin na baya, domin Jami'ar Ahmadu Bello ma sai a Oktoba 1962 aka buɗe ta. Amma ta fuskar tsarin mulkin ƙasa muna da abin da Kwango ba ta da shi, wato En'e. Wani masani ɗan asalin Jamaika, M. G. Smith, ya zauna a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya kuma fitar da littafi a 1960 a kan yadda aka gudanar da mulkin masarautar daga 1800 zuwa 1950. Wanda ya karanta shi zai ga cewa Turawan da suka ci Zariya a 1902 ba su zo da wata sabuwar gwamnati a cikin jaka ba. Wadda suka tarar suka ɗaure da lissafi: suka fitar da masu sarauta daga birni suka zaunar da su a gundumomi a matsayin hakimai, ciki har da Ikara da Maƙarfi, suka kafa baitulmali, suka yanka wa kowa albashi, suka ce kowane kwabo a rubuta shi.

Ga yadda abin yake tafiya, domin 'yan baya da ba su gani ba. Kowace shekara mai unguwa zai bi gida-gida tare da malamin haraji a rubuta baligai. Dagaci ya haɗa na ƙauyukansa ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Zariya, Di'o ya fito rangadi ya gwada lissafin da abin da idonsa ya gani. Da damina a ƙirga shanun Fulani a karɓi jangali. Daga cikin wannan kuɗi ne ake biyan alƙali da ɗan doka da malamin makarantar elementare da malamin asibiti da malamin daji da malamin dabbobi da duba-gari, wanda tsofaffin matanmu har gobe suke tuna yadda yake leƙa randa. Idan annobar sanƙarau ko agana ta ɓulla a ƙauye, dagacin da bai kai rahoto ba rawaninsa na cikin haɗari. Idan baƙo ya kwana a gari, kafin hantsi mai unguwa ya san daga inda ya fito. Wannan shi ne ƙarfin hukuma a ma'anarsa ta asali: ta san mutanenta, ta iya karɓa daga hannunsu, umarninta kuma ya isa inda aka aike shi.

Kada mai karatu ya zaci ina begen wancan zamani ne. Na ji daga bakin dattawan da suka sha rana a ƙofar hakimi saboda an rasa sule biyu, da waɗanda aka sayar wa akuya ko hatsin ci domin cika haraji, da waɗanda suka gudu ƙasar Kano da tsakar dare da iyalinsu. Ga aikin tilas, ga gaisuwar da ba ta cikin doka amma ta fi doka ƙarfi. En'e ta iya karɓa ƙwarai, abin da take mayarwa kuwa kaɗan ne, kuma babu mai tambayar ta. Shi ya sa Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba a san shi da tsageranci ba, ya miƙe a Majalisar Arewa a Agusta 1950 ya nemi a yi wa tsarin gyara, a watan da aka kafa NEPU a Kano. Bayan nan kuma, da siyasar jam'iyyu ta kankama, kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yarin En'e suka zama sandar dukan 'yan adawa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da dama a kan haka. Babban laifin shugabanninmu na farko, Allah Ya gafarta musu, shi ne sun bari an haɗa injin mulki da injin jam'iyya, har talaka ya kasa bambance hakimi da wakilin NPC.

Amma akwai abin da suka gane wanda mu muka manta. Sun gane cewa ofis ba ya aiki sai da mutumin da aka horar. Makarantar koyar da akawu da aka buɗe a Kongo, Zariya, a 1947 ita ce ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954, kuma a nan aka riƙa ɗebo ma'aji da magatakarda da alƙalai da hakimai kansu ana zaunar da su a aji, ana koya musu tsara kasafi da riƙe littafin kuɗi, ana kuma horar da samarin da za su gaji Di'o-Di'o. Gwamnatin Sardauna ta yi gaggawar cike ofisoshi da 'yan Arewa, an kuma yi mata surutu a kan haka, to amma ba ta taɓa ɗaukar cewa takardar naɗi ita ce ƙwarewa ba. Daga Kongo zuwa Hunƙuyi tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce. Ina mamakin ma'aji nawa ne na ƙananan hukumominmu na yau aka zaɓa saboda abin da suka koya a can, nawa ne kuma saboda wanda ya tsaya musu.

Sojoji ne suka kwance En'e, gaɓa bayan gaɓa. Bayan ƙirƙiro jihohi goma sha biyu a 1967, lokacin da Zariya da Katsina suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya a ƙarƙashin Abba Kyari, sai aka ɗauke kotuna daga hannun sarakuna a 1968, gidajen yari da 'yan doka kuma suka koma hannun tarayya. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata fiye da dubu goma cikin 'yan watanni. An yi tafi a lokacin, wasu daga cikin waɗanda aka kora kuwa sun cancanci kora, amma darasin da sauran suka ɗauka shi ne aikin gwamnati ba shi da tabbas, don haka kowa ya tanadi na gobe tun yau. Sai gyaran 1976, wanda ya kawo ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, 301, kowace da majalisa da kason kuɗi daga tarayya, aka kuma ce yawan jama'ar kowace ya kama daga dubu 150 zuwa dubu 800. A wannan gyara ne Ikara ta zama ƙaramar hukuma, tana ɗauke da ƙasar da yau ta zama Ikara da Maƙarfi da Kudan da Kubau.

Daga nan sai 1979, shekarar da nake ganin ita ce mararrabar hanya. Da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya hau kujerar gwamnan Kaduna a ƙarƙashin PRP, shi da Abubakar Rimi na Kano suka soke haraji da jangali. Ina ƙarami a lokacin, amma ban manta murnar da aka yi ba, kuma ba zan zauna a nan in ce an yi kuskure da aka cire wa talaka wannan ƙaya ba. Haraji na kai, wanda mai garke da mai akuya ɗaya suke biya kusan daidai, zalunci ne ko da wane suna aka kira shi. Kuskuren da aka yi, wanda kuma dukkan gwamnatocin da suka biyo baya suke da kaso a cikinsa, shi ne da aka jefar da bulala sai aka haɗa da littafin. Ƙirgar shekara-shekara ta mutu, domin dalilin yin ta ya mutu. Mai unguwa ya daina bin gida-gida. Ba a maye gurbin tsohon harajin da wani mai adalci ba, irin wanda zai bi girman gona ko kanti ko garke, domin kuɗin man fetur na zuwa daga Legas, wa zai wahalar da kansa? Tun daga ranar hukuma ta daina buƙatar talaka sai ranar zaɓe, shi ma talakan ya daina ganin kuɗin hukuma a matsayin guminsa. Da wuya ka ga mutum ya bi sawun kuɗin da bai fita daga aljihunsa ba.

Ikara tana da nata abin tunawa daga wannan zamani. Gwamnatin Balarabe Musa ce ta kafa kamfanin sarrafa tumatir na Ikara a farkon shekarun 1980, da niyyar manomin da ke zubar da kwandunan tumatir a bakin hanya lokacin kaka ya sami mai saye. Tunani ne mai kyau, a wurin da ya dace. Amma gwamnan da ya kawo shi bai taɓa samun kwamishinoni ba, domin majalisar jiha da NPN ta mamaye ta ƙi amincewa da sunayen da ya aika, daga bisani ta tsige shi a Yuni 1981. Kamfanin ya shafe shekaru masu yawa a rufe, sai wajen 2014 aka yi yunƙurin farfaɗo da shi ta hanyar ba da shi haya ga 'yan kasuwa. Gina masana'anta aikin kwangila ne, wata goma sha takwas ya isa. Riƙe ta kuwa yana buƙatar malamin gona da zai tsara wa manoma lokacin shuka, da injiniyan da zai zauna, da ruwa da wuta da akawun da ba ya sata, shekara da shekaru, ko wace jam'iyya ke mulki. A nan ne ƙasashe irin namu suke faɗuwa, kuma kowace jiha ta Arewa tana da kangon da zai ba da wannan shaida.

Maimakon a gyara hannun, sai aka shiga ƙara yawan jiki. A zamanin Janar Babangida ƙananan hukumomi suka kai 589, a nan Maƙarfi ta fita daga Ikara. A 1996 Janar Abacha ya kai su 774, Kudan ta fita daga Maƙarfi. A ƙidayar 2006 Ikara na da mutum kimanin dubu 194, Maƙarfi dubu 146, Kudan dubu 139, wato biyu daga cikin ukun ba su kai mafi ƙarancin adadin da aka gindaya a 1976 ba. Ban ce babu amfani ba. Mutumin Likoro ko Doka da a da sai ya yi doguwar tafiya kafin ya ga hukuma, yanzu Hunƙuyi na kusa da shi. Garuruwan da suka zama hedikwata sun sami wuta da kwalta da 'yan ayyuka. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, dattawan da suka yi ta kai takardun neman ƙaramar hukuma ba lissafin harajin da yankinsu zai iya tarawa suka yi ba, lissafin kason da zai zo daga Abuja suka yi. Injiniya ɗaya da likitan dabbobi ɗaya da ƙwararren ma'aji ɗaya da tsohuwar Ikara take da su ba su haihu sun zama huɗu-huɗu ba don an raba taswira. Abin da ya haihu shi ne kujerun siyasa da motocin ofis da albashi.

Sannan tsarin mulkin 1999 ya zo da sashe na 162, wanda ya ce kuɗin ƙananan hukumomi su bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha. A takarda ƙananan hukumomi na da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya. A aikace, gwamnoni a faɗin ƙasar nan suka mai da shugabanninsu masu sa hannu a takardar albashi, inda aka ga dama ma a rushe zaɓaɓɓu a naɗa kantomomi. Na taɓa zuwa wata sakatariya, ba zan faɗi ko ta ina ba ce, neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa ga wani yaro da zai shiga makaranta. Ranar Talata ce, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Na tarar da maigadi da masinja da awaki uku a inuwar darbejiya. Masinjan, dattijo mai fara'a, ya ce mini, "Ranka ya daɗe, ai da ƙarshen wata ka zo, da ka ga mutane har ka rasa wurin ajiye mota." Ban ga laifin ma'aikatan sosai ba. Mutumin da ba a ba shi takarda da man babur da aikin yi ba, zaman me zai yi?

Jihar Kaduna ta gwada magance abin ta sama. Alhaji Ahmed Mohammed Maƙarfi, ɗan wannan yanki da ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, ya yi suna wajen kai hanyoyi da wuta karkara, ya kafa Jami'ar Jihar Kaduna a 2004, ya kuma ƙara masarautu da gundumomi domin kwantar da hankula bayan rikicin shekarar 2000. Gundumomin hakimai suka tashi daga 77 suka kai 390. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta mayar da su 77, ta sauke hakimai da dagatai fiye da dubu huɗu, hujjarta kuwa ita ce ƙananan hukumomi ba za su iya biyan su ba. A shekarar ce kuma aka yi wa malaman firamare kimanin dubu 33 jarrabawar 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su ci ba, aka sallame su. Ko mutum yana goyon bayan matakin ko yana adawa da shi, dole ya tsaya ya yi tambaya: su wa suka ɗauki waɗannan malamai aiki, da wace irin tantancewa, ina kuma masu duba makarantu suke duk tsawon shekarun? Kafin nan, dokar haraji ta 2016 ta tattara karɓar kuɗin shiga a hannun hukumar haraji ta jiha. Kuɗin shigar jihar ya ƙaru, wannan gaskiya ne. Sai dai kowane ɗaya daga cikin matakan nan ƙara wa Kaduna ƙarfi ya yi, ya rage wa Ikara dalilin koyon aiki. Ta ɓangaren zaɓe ma, na'urar jefa ƙuri'a da aka gwada a 2018 ta bar 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi. A Oktoba 2024, bayan an ajiye na'urar, jam'iyya mai mulki ta lashe duka 23. Shugaban da ya san ba ƙuri'ar mutanen Gubuchi ce ta kawo shi ba, ba zai yi rashin barci saboda rijiyar Gubuchi ba.

Abubuwa biyu na 'yan shekarun nan sun nuna mini inda gizo ke saƙa. A 2016 tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir ta sa gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Manoman Ikara da Kudan da maƙwabtansu sun yi asara mai yawa, alhali Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya koma 1922, tana nan kusa da su, cike da furofesoshi. Ilimin yana nan, manomin yana nan, malamin gonan da zai ɗauki wannan ya kai wa wancan a kan babur ne ya yi ƙaranci. Na biyun kuwa akasin haka ne. Bayan tirjiyar da aka yi wa allurar shan inna a 2003, da gwamnati da masu ba da agaji suka ɗauki abin da gaske, sai aka koma wa sarakuna da hakimai da masu unguwanni, aka zana taswirar kowane ƙauye da ruga, aka yi wa gidaje alama da alli, aka biya masu aikin, aka kuma aiko masu bin sawu su tabbatar. A Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Ashe dai za mu iya isa kowane gida. Tsohon tsarin mai unguwa ne aka tayar, aka cire masa bulala aka ba shi alli. Abin takaici shi ne don cuta ɗaya aka yi, da kuɗin waje, ba a kuma mai da shi aikin yau da kullum na ƙaramar hukuma ba.

A nan ne nake ja da masu karanta Huntington su ce maganin shi ne a rage siyasa a kawo mai ƙarfi ya yi gyara. Mun gwada. Sojoji sun riƙe ƙasar nan daga 1966 zuwa 1979, suka dawo daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, kuma a hannunsu ne aka yi yawancin rushe-rushen da rabe-raben da na lissafa. Tsawa daban, iya aiki daban. Botsuwana, wadda ta sami 'yanci a 1966 da kwaltar da ba ta wuce kilomita goma sha biyu ba, ba ta taɓa yin mulkin soja ba. Seretse Khama ya bar ƙwararrun baƙi a ofisoshi har 'yan ƙasa suka ƙware, ya hana siyasa shiga ɗaukar ma'aikata, kuma da lu'ulu'u ya bayyana sai ya tarar da baitulmalin da ke iya riƙe shi. Mu namu arzikin man ya zo ne daidai lokacin da muke kwance namu baitulmalin.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa na riƙo. Na yi murna da hukuncin, duk da jan ƙafar da aka yi ta yi wajen aiwatar da shi a watannin da suka biyo baya. Tsorona ɗaya ne: 'yancin 1960 ne zai maimaita kansa a ƙaramin sikeli, a miƙa tuta da asusu ga ofishin da ba shi da mai riƙewa. Idan aka zuba ɗaruruwan miliyoyi kowane wata a sakatariyar da ba ta da ƙwararren ma'aji, ba ta da injiniyan da zai auna kwalbati, ba ta da mai binciken kuɗi da ke tsoron Allah fiye da tsoron shugaba, to satar ce kawai za ta sauya adireshi, daga gidan gwamnati ta dawo unguwarmu.

Saboda haka maganata ga 'yan'uwana 'yan boko na Ikara da Maƙarfi da Kudan take, mu da ke zaune a Kaduna da Abuja da Zariya muna zuwa gida da Sallah da ta'aziyya. Cikinmu akwai akantoci da likitoci da injiniyoyi da manyan sakatarorin da suka yi ritaya, amma mun bar kujerar kansila ga wanda ya fi kowa yawan 'yan rakiya, muna ganin ta yi mana ƙanƙanta. Malaman da suka riƙe baitulmalin Zariya ba su kai mu takardu ba. Abin da nake nema bai kai girman gyaran tsarin mulki ba. A dawo da littafin mai unguwa, a rubuta haihuwa da mutuwa da gonaki da yaran da suka isa makaranta, a biya shi ladan aikinsa a kan kari. Kuɗin da ake karɓa a kasuwar rake ta Maƙarfi da tashoshin mota da kasuwannin ƙauye, kowace mota da kowane dami, a san nawa ne, a kuma yanke wani kaso sananne da zai tsaya a kasuwar ya gyara magudanar ruwa da rumfuna, domin mai biya ya ga inda kuɗinsa ya shiga. Ma'aji da daraktan ayyuka su zama sai wanda ya ci jarrabawa, a kuma riƙa mayar da su Kongo lokaci-lokaci kamar yadda aka yi wa iyayenmu.

Mafi sauƙi duka, wanda ba ya jiran izinin kowa: abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata, kowa na iya gani a intanet. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu, waɗanda suka ƙware wajen shirya walimar taya murna, su riƙa buga adadin da Hausa da ajami a takarda ɗaya, su liƙa a ƙofar masallacin Juma'a na Paki da Saulawa da Gimi da Tashar Yari da Hunƙuyi, a ƙasansa kuma su bar fili inda shugaban ƙaramar hukuma zai rubuta abin da ya yi da shi. Ni na ɗauki nauyin takarda da tawada na watanni shidan farko a mazaɓarmu.